Wasiƙar da Na Rubuta a Kan Kunkuru

Ku 'ya'yana, kun taso kun tarar ba a kallon fim a gidanmu na Limancin Kona, kuma na sha jin kuna gaya wa naku 'ya'yan cewa kakanku, Baba Malam, shi ya hana saboda tsananinsa. Na daɗe ina jin wannan magana ina kawar da kai. Yanzu shi da babanku duk ƙasa ta rufe musu ido, ni ma jiki ya fara ba ni labari, ba zan bari a ci gaba da ɗora wa bawan Allah abin da ni na jawo da hannuna ba.

A wancan lokaci da safe ina koyarwa a wata firamare kusa da Ƙofar Galadima, bayan la'asar kuma ina karantar da matan unguwa a Islamiyyar da Baba Malam ya buɗe mana a tsakar gida. Babanku ma'aikacin gwamnati ne, shi ya shigo da bidiyo gidan bayan wani kwas da ya je Legas. Aka ajiye ta a ɗakina kusa da talabijin, na saƙa mata murfi da zaren ulu. Baba Malam ya san tana nan. Bai ce a fitar da ita ba, abin da ya gaya wa babanku kawai shi ne kada sautinta ya kai zaure. Babanku ya saye ta ne don kallon ƙwallo da dambe, bai yi wata biyu ba ya gaji. Ni ce na kamu.

Mai kawo mini kaset ita ce Malama Rifkatu, wadda muke riƙe da aji huɗu tare. Kirista ce 'yar Wusasa, Hausarta ta fi tawa daɗi, kuma mijinta Malam Ishaya yana da shagon hayar kaset a wajen ganuwa, kan hanyar Tudun Jukun. Duk sabon fim da ya sauka, kafin ya fita haya, sai ta naɗe shi a tsohuwar jarida ta cusa cikin littattafan yara ta kawo mini. Shi Ishaya ya zaci a gida take ajiyewa ta kalla. Ina dawowa daga makaranta, in na yi azahar na ba ku abinci, idan Allah ya sa akwai wutar lantarki, sai in saki labule in rage sauti. Awa biyun nan kafin la'asar su kaɗai ne nawa a yini.

Matsalata ita ce ban iya kallon fim in yi shiru ba. A shekarun nan ne manyan finafinan Amurka suka cika gari, waɗanda ake ta kururuwar an zubar da dukiya wajen haɗa su. Samari suna rububinsu, ni kuwa rabinsu haushi suke ba ni. Ekta ɗaya ya shiga cikin mutum ɗari ya karkashe su, ya fito ko hularsa ba ta karkace ba, kuma har fim ya ƙare ba mai tambayar wa zai binne waɗannan mutane, ko su ba su da iyaye. A kifar da motoci goma don a kama ɓarawo ɗaya. Ba a zama a ci abinci, ba a gaida tsoho, ba mai ciwo sai wanda aka harba. Idan fim ya yi kasuwa sai a yi masa kashi na biyu, wanda a wurina ɗumamen jiya ne aka ƙara wa ruwa. Na sararin samaniya ina jinjina wa aikinsu, har na kan mayar da kaset baya in sake duba yadda aka ƙera jirgin, amma ina mamakin yadda za a yi tafiyar shekaru zuwa wata duniya a tarar da dodanni suna Turanci. Akwai masu kyau, ban musa ba. Wanda bos ɗinsa yake da dalilin muguntarsa, ekta kuma yake jin tsoro kamar kowa, irin wannan na kan kalle shi sau uku. Amma abin da na fi so, wanda manya suke rainawa wai na yara ne, shi ne katun. A ce mutum ya zauna da fensir da fenti ya zana ɗan tsuntsu, ya sa shi ya sunkuyar da kai, ke babba mai 'ya'ya huɗu ki ji hawaye ya cika miki ido. A ganina wannan ya fi rusa gini wuya.

Duk wannan a kan Rifkatu nake sauke shi idan an tashi tara, a gindin dalbejiyar bayan ofishin hedimasta. Wata rana ta gaji ta ce:

"Malama Saude, kunnena ya cika. Ki rubuta wa jarida mana, ki huta in huta."

Da wasa ta faɗa, ni kuwa na ɗauka da gaske. Akwai wata jaridar Hausa mai fitowa duk Asabar, tana da shafin masu karatu. Na rubuta shafi ɗaya, na sa hannu da Mai Kallo, Zariya, na ba Rifkatu ta jefa a gidan waya a hanyarta ta komawa gida. Bayan mako biyu sai ga shi an buga. Na sake, aka sake bugawa. Fiye da shekara muna haka, ba wanda ya sani sai ni da ita, kuma kowa ya ɗauka Mai Kallo namiji ne. Ishaya da kansa ya shiga yanke wasiƙun yana liƙawa a ƙofar shagonsa, don ya lura duk fim ɗin da Mai Kallo ya yaba ba ya kwana a kanta. Na taɓa zama ina yanka kuɓewa ina jin babanku da abokinsa suna gardama a kan ko Mai Kallo malamin jami'a ne ko ɗan jarida. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya shiga kaina. Na fara jin cewa duk abin da na ga dama zan iya faɗa.

Sai wani katun ya zo, na wani tsohon kunkuru mai koya wa 'ya'yan dabbobi yadda ake ƙetare rafi lokacin damina. A cikinsu akwai wata 'yar bushiya mai nauyin kai, kullum ita ce baya, kullum sai ta manta. Kunkurun bai taɓa ɗaga mata murya ba. Sai ya koma gefenta ya sake farawa daga farko, har ranar da ruwa ya zo da ƙarfi ta ƙetare ita kaɗai. A makon da na kalle shi ne ke Maryam kika shigo daga zaure da shatar bulala uku a bayanki, kina da shekara shida, don kin kasa riƙe aya biyu. Baffanku Habu, ƙanen babanku, shi ke karantar da yara a zauren a lokacin. Saurayi ne mai ƙoƙari da zafin zuciya. Na shafa miki man kaɗanya ina haɗiye abin da ke raina, don matar wa ba ta zuwa ta ce wa ƙanen miji ga yadda zai yi karatu a zauren ubansa. Washegari na ɗauki biro. Na yabi zanen, na yabi kiɗan, na ce ya fi duk manyan finafinan da suka shigo a shekarar. A ƙarshe na ƙara jumla ɗaya: da masu karantar da yara a zaurukanmu za su zauna su kalli wannan kunkuru, da sun ajiye bulala.

Ranar Asabar jarida ta fito. Edita ya ɗauki jumlar nan ya yi mata kanu da manyan baƙaƙe: Kunkurun Turawa Ya Fi Malaman Zaure. Shekarar ba ta kwanciyar hankali ba ce. An sha jin tashin hankali tsakanin Musulmi da Kirista a garuruwan da ke kusa, kowa a ɗarare yake, ko taya ce ta fashe a kasuwa sai a fara rufe shaguna. Ishaya kuwa, bisa al'adarsa, ya yanke ya liƙa a ƙofa, ko karantawa bai tsaya yi ba.

Ranar Litinin bayan azahar muna tsintar shinkafa da kakarku Inna a inuwar rumfa, sai ga Habu ya shigo da jaridar a hannu. Ya karanta mata wasiƙar a tsaye, yana danna kowace kalma.

Inna ta ce, "To kai ina ruwanka da jarida? Wa ya ce da kai ake?"

Ya ce, "Da Baba ake, Inna. Da duk mai zaure a birnin nan ake. Kuma mun gano mai rubutawa."

Hannuna ya tsaya a cikin faifai. Ban san lokacin da na ce, "Wane ne?" ba.

"Mai shagon kaset ɗin nan na hanyar Tudun Jukun, Ishaya. Duk fim ɗin da Mai Kallo ya taɓa magana a kai, a shagonsa yake fara sauka. Wani ma kafin a ba kowa haya an riga an rubuta. Ga su nan ya lilliƙa a ƙofa yana alfahari. Ya ɓuya a bayan suna yana zagin malamanmu. Ranar Juma'a idan an sauko za mu je ya maimaita a gabanmu."

Na san abin da zuwan nan yake nufi a irin wannan shekara. Kuma na yi shiru. Ina so ku riƙe wannan, don shi ne ainihin laifina, ba wasiƙar ba. Na ci gaba da tsintar shinkafa, na tashi na karantar da mata, na gaya wa kaina cewa zafin samari ne, kafin Juma'a ya huce. Talata ma haka na yi.

Ranar Laraba Rifkatu ta zo makaranta a makare, ɗankwalinta a karkace. Da aka tashi tara ta riga ni zuwa gindin dalbejiya. Ta ce Ishaya ya cire takardun duka, amma an zo an yi rubutu da gawayi a ƙofar shagon, an kuma aiko masa cewa ya jira Juma'a. Ta roƙe shi ya rufe ya zauna a gida, ya ƙi. Ya ce idan ya rufe ya amsa laifin da bai yi ba, kuma ko ya rufe sun san hanyar Wusasa. Ta riga ta kai yaransu wurin 'yar'uwarta.

Na ce, "Kin gaya masa?"

Ta ce, "Ban gaya masa ba. Ba kuma zan gaya wa kowa ba, ni na ce ki rubuta. Na san gidan da kike aure."

Na jira ta roƙe ni. Da ta roƙe ni, ko ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta zauna tana murɗa zoben hannunta har aka kaɗa ƙararrawa, ta tashi ta shiga aji. Ina jin muryarta ta bango tana koyar da lissafi kamar ba abin da ya faru.

Ranar Alhamis ba Islamiyya. Da babanku ya dawo daga ofis ya yi la'asar, na rufe ƙofa na ɗauko littafin da nake fara rubuta wasiƙun a ciki kafin in kwafe, na ajiye a gabansa. Ya buɗe shafi biyu ko uku, ya ɗago ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"Ke ce?"

"Ni ce, Malam."

Da ya buɗe baki, a hankali ya yi, don kada a ji a tsakar gida.

"Saude, kin san abin da za a ce? Surukar Malam, a cikin gidansa, tana karantar da matan mutane, ita ce ke zagin malamai a jarida. Shekara arba'in yana gina sunan nan. Ki ƙona littafin nan. Zan aika wa Ishaya ya bar gari kwana biyu."

"Ba zai tafi ba. Ko ya tafi za su ƙona shagon."

"Shago ana sake shi."

"Idan yana ciki fa?"

Ya ce in bar masa maganar, shi zai san abin yi, kada in kuskura ta fita daga ɗakin. Babanku ba mugun mutum ba ne, kun san shi. Tsoro ne ya kama shi, irin wanda ya riƙe ni tun Litinin. Amma da gari ya waye na ga ya sa kaya ya tafi ofis bai ce komai ba, na gane ba shi da abin yi, fata kawai yake.

Ban je makaranta ba. Na sa hijabi na ɗauki littafin na shiga ɗakin Inna, na durƙusa na ce ina roƙo ta kira mini Baba Malam cikin gida, akwai maganar da ba za ta jira azahar ba. Ku sani, shekara goma sha ɗaya ina gidan, tsakanina da shi gaisuwa ce daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa. Ban taɓa zama a gabansa ba. Inna ta dubi littafin, ta dubi fuskata, ba ta tambaye ni komai ba, ta tashi.

Ya shigo da carbi a hannu ya zauna a kan buzu. Na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni a jumla biyu, don na san idan na tsawaita ba zan iya ƙarasawa ba. Ya miƙa hannu na ba shi littafin. Karatun boko ba ya yi masa sauri, sai ya mayar mini.

"Karanta mini da bakinki."

Na karanta tun daga yabon zane har jumlar ƙarshe.

"Kanun da aka buga, ke kika sa?"

"A'a, Baba."

"Maganar bulala fa?"

"Ni na rubuta."

"Da wa kike?"

Inna ce ta amsa daga bakin gado, ta ce ta ga bayan Maryam a makon.

Ya sa aka kira Habu. Da Habu ya ji, dariya ya fara yi, ya ce matar Yaya tana so ta rufa wa ƙawarta asiri ne. Na tura masa littafin. Ya yi ta juya shafuka, ga goge-goge, ga gyare-gyare, ga rubutun da ya sani a allon Islamiyya. Na ga fuskarsa ta sauya.

Ya ce, "Baba, magana ta riga ta fita. Unguwa uku aka gaya wa. Ko na ce kada a je, ba za a ji ba."

Baba Malam ya ce, "Kai ka tara su a kan zato. Za ka tsaya kusa da ni ka ga yadda zato yake ƙarewa."

Sannan ya juyo gare ni. Bai ɗaga murya ba, kuma har yau ina iya maimaita abin da ya ce.

"Maganarki a kan bulala, da nan kika kawo ta, da na saurara. Kika ɗauka kika kai wa duniya, kika ɓoye sunanki. Wannan duk mai sauƙi ne. Amma kin ji an ɗora wa wani tun Litinin, yau Juma'a. Da kin ƙara awa uku, da me za ki gaya wa Ubangijinki?"

Ya tashi ya ce a aika ofis a gaya wa babanku ya same shi a masallaci da mota.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba. Ni da Inna muna tsakar gida, mun tura ku ɗaki. Muka ji an yi kiran salla, muka ji unguwa ta yi tsit, muka ji an sauko. A ka'ida minti kaɗan bayan haka ake jin gyaran muryar Baba Malam a zaure. Ranar ba mu ji ba. Abincin rana ya huce a kwano. Duk babur ɗin da ya wuce sai in miƙe. Sau biyu Inna ta sa ni in leƙa ta saman katanga in duba ko akwai hayaƙi ta wajen ganuwa. Wata maƙwabciya ta shigo ta ce an ce an fara rufe shaguna, ta kwashi yaranta da ke wasa a gidanmu ta fita ko sallama babu. Inna tana jan carbi, can ta ce mini, "Zauna, tsayuwarki ba ta ƙara komai."

Daga baya babanku da Rifkatu suka ba ni labari, kuma bakinsu ya zo ɗaya. Ana sallamewa Baba Malam ya shiga mota ya ce a kai shi shagon. Sun riga jama'a isa da kaɗan. Ya yi wa Ishaya sallama, ya roƙi benci, ya sa aka ajiye masa a bakin ƙofa, ƙarƙashin hotunan finafinan da bai taɓa yarda ya ɗaga ido ya kalla ba, ya zauna. Habu yana tsaye a damansa. Da samarin suka iso, wasu da sanduna, ɗaya da galan na fetur, suka tarar da malamin da ya koya wa rabinsu alif a zaune. Suka ja suka tsaya. Na baya suna turowa, na gaba suna ja da baya. Ya bari hayaniya ta lafa, sannan ya ce mai shagon nan bai rubuta komai ba. Ya ce wanda ya rubuta daga gidansa yake, ya gani da idonsa, ya kuma yi magana da shi, duk mai neman hakki ya same shi a zaure. Wani ya ce a faɗi suna. Ya ce ba zai faɗa ba. Wani daga baya ya yi jifa, dutsen ya fasa gilashin allon da ke saman kansa, ɓaraguzai suka zubo masa a rawani. Babanku ya ce ko motsi bai yi ba, ya dai karkaɗe kafaɗa ya ce wa Habu ya gaya musu abin da ya gani. Habu ya faɗa, da ƙyar ake jinsa. Ba su watse lokaci ɗaya ba. Da ɗai-ɗai da bibbiyu suka riƙa zamewa, shi kuwa bai tashi daga bencin ba sai da aka kira la'asar.

Bai faɗi sunana ba, amma birni ba ya buƙatar a faɗa masa. Gida mai bidiyo ɗaya, mai malamar boko ɗaya. Kafin mako ya zagayo kowa ya sani. Matan Islamiyya da suka fi talatin suka koma bakwai, don mazajensu sun hana, daga baya Baba Malam ya sa wata ta karɓe ni don kada karatun ya mutu. Wasu daga cikin manyan ɗalibansa suka koma wasu zaurukan. Akwai gidajen da shekara da shekaru shi ke ɗaura musu aure, suka daina aiko masa. Bai taɓa ambata wannan a gabana ba, a bakin Inna nake ji. Abu ɗaya ya nema a wurina, in rubuta wasiƙa ta ƙarshe in wanke Ishaya in kuma nemi afuwar wanda kalmata ta ɓata wa rai. Na rubuta, aka buga ta ƙarama a ƙasan shafi. Babanku ya yi kusan wata biyu ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole, don na tsallake maganarsa. Habu ya yi shekaru yana amsa gaisuwata da ka. Bai ajiye bulala ba, kada ku ɗauka wasiƙata ta gyara wani abu.

Bidiyon kuwa ba wanda ya ce in fitar. Inna ma ta gaya mini Baba Malam ya ce shi bai hana ba. Ni ce na kasa. Duk lokacin da na miƙa hannu zan kunna, sai in tuna da tsohon nan a kan benci da gilashi a rawaninsa. Na naɗe ta da wayoyinta na ba babanku na ce ya kai inda ya ga dama.

Ishaya bai daɗe a wurin ba. 'Yan birni sun daina zuwa haya, wasu don kunya wasu don haushi, ya kwashe kayansa ya koma kusa da gida a Wusasa. Abin da na fi tsoro shi ne haɗuwa da Rifkatu. Na yi mako guda ina zama a aji idan an tashi tara. Ranar Litinin ta biyu ta leƙo ta taga ta ce in fito, ƙosanta yana hucewa. Muka zauna a gindin dalbejiya. Na fara ba ta haƙuri a kan kwana huɗun da na yi shiru, ta ce ta ji, kuma ba za ta ce ba ta ji zafi ba, amma ta ga abin da na rasa. Muka ci ƙosai. Can ta ce:

"Wani sabo ya sauka jiya. Na jirgin ruwa ne, wai ya fi duk na bana."

Na ce, "Na daina kallo."

"Na sani."

Na ɗan jima ina kallon yara suna guje-guje a fili. Sannan na ce, "To ba ni labari."

Ta gyara zama ta fara, tun daga rubutun farkon fim. Ba ta kai rabi ba na tare ta na ce wannan kyaftin ɗin ba shi da hankali, ba mai barin matarsa da jariri ya bi ɓarayi cikin teku. Ta ce ai ban gani ba. Na ce ba sai na gani ba. Haka muka ci gaba shekara tara, har aka yi mata canjin makaranta: ita ta kalla, ta zo ta faɗa mini, ni kuma in gaya mata inda suka yi kuskure.